Filin Tambaya da Amsa: Salsalar gidan Hauteville, Normawan da suka mulki Sisiliya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa. Ina so in zana wa ɗalibaina salsalar Normawan da suka mulki tsibirin Sisiliya, amma duk inda na duba sai Roja da Wiliyam da Tankared, har na rasa wane ne uban wane. Ta ina zan ɓullo wa abin?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu ne ke rikita mai bin wannan gida: yawan takwara, da kuma aure-aure. Maganin shi ne ka bi su ɗaki-ɗaki, yadda ake lissafin 'ya'yan gidan sarauta a nan, a ce waɗannan na ɗakin wance ne, waɗancan na ɗakin wance. Bambancin kawai, su Kiristoci ne, mace ɗaya suke zama da ita, sai ta mutu ko an raba auren a kawo wata. Amma 'yan ubancin yana nan daram, kuma shi ne ya haddasa yawancin rikicin gadonsu.

Samu babban kwali, ka kwantar da shi a faɗinsa, ka ja layi shida da fensir, kowane layi zamani ɗaya. Kowane suna ka haɗa masa abu uku: laƙabi, sunan uwa, da shekarar mutuwa. Kada ka dogara da shekarar haihuwa. Limaman coci da suka rubuta tarihin lokacin sun fi kula da ranar da babban mutum ya mutu, haihuwar kuwa yawanci kintace ne na 'yan baya.

A layin farko mutum ɗaya ne, Tankared na Hauteville, ƙaramin mai gari a yankin Cotentin na Nomandi, arewacin Faransa, wanda ya mutu wajen 1041. Ba wani mai ƙasa ba ne, abin da yake da shi ba zai ishi 'ya'yansa ba, shi ya sa suka yi ta kwarara kudancin Italiya suna yaƙin haya. Geoffrey Malaterra, limamin da ya rubuta tarihin gidan a ƙarshen ƙarni na 11, ya lissafa masa 'ya'ya maza goma sha biyu. Ɗakin Muriella biyar: Wiliyam, Drogo, Humphrey, Geoffrey da Serlo. Ɗakin Fressenda bakwai, babbansu Robat, autansu Roja. A tsakani akwai wani Wiliyam kuma, da wani Tankared. Ka ga tun a layi na biyu an fara, uba ɗaya da Wiliyam biyu.

Sarautar Apuliya, wani yanki a kudancin Italiya, ta fara zagaya ɗakin farko ne. Wiliyam Mai Hannun Ƙarfe ya zama kawunt, wato mai mulkin yankin, a 1042, ya mutu 1046. Drogo ya gaje shi, aka kashe shi a 1051. Humphrey ya hau, shi ne ya jagoranci Normawa suka ci rundunar Fafaroma Leo na Tara a Civitate a 1053, ya mutu 1057. Daga nan mulki ya tsallaka ɗaki na biyu. Humphrey ya bar 'ya'ya, Abelard da Herman, a hannun ƙanensa Robat Guiscard, shi kuwa baffan ya riƙe sarautar ya hana su, suka yi shekaru suna yi masa tawaye. A 1059 Fafaroma Nicholas na Biyu ya ɗaga shi zuwa diyuk, muƙamin da ke sama da kawunt, ƙasa da sarki. Ka yi wa wannan tsallake jan biro, domin daga nan har ƙarshen kwalin zuriyar Fressenda ce ke mulki.

Yanzu raba kwalin biyu: hagu na Robat, dama na Roja auta.

Robat, wanda ya mutu a 1085, shi ma ɗaki biyu gare shi. Alberada ta haifa masa Bohemond, sai ya rabu da ita a kan hujjar wai akwai kusancin jini tsakaninsu, ya auri Sikelgaita, ƙanwar mai mulkin Salerno. Ita ta haifi Roja Borsa, kuma ɗanta ne ya gaji sarautar, ba babban wansa ba. Bohemond ya bi 'yan Salibiyya, ya kama Antakiya a 1098, ya kafa reshensa a can. Su biyun duka sun mutu a 1111. Roja Borsa ya bar ɗa ɗaya a kan sarauta, Diyuk Wiliyam, wanda ya mutu a 1127 bai haihu ba.

A nan ne mutane da yawa ke zamewa. Tankared ɗin da ake ambata a yaƙin Ƙudus, wanda ya mutu a 1112, ba ta wajen uba ya shiga gidan ba. Uwarsa Emma ce 'yar Hauteville, kuma akasarin masana suna ɗaukarta 'yar Robat, wato Bohemond kawunsa ne. Ka rataye shi a ƙarƙashin Emma, a layi na huɗu.

Dama kuwa, Roja na Ɗaya shi ne ya yi shekara talatin yana cin Sisiliya daga hannun Musulmi: Messina a 1061, Palermo a 1072 tare da wansa Robat, Noto a 1091. Ya yi aure uku, amma magadansa sun fito daga ta ƙarshe, Adelaide. Ya mutu a 1101, ɗansa Simon ya mutu yana yaro a 1105, sai Roja na Biyu, haifaffen 1095. Lura da kyau, Roja na Biyu da Bohemond 'ya'yan wa da ƙane ne, layi ɗaya suke, ko da yake Bohemond ya girme shi da kusan shekara arba'in. Wanda ya jera su bisa shekaru zai sauke Roja layi ɗaya ƙasa, ya ɓata duk abin da ke biye. Da Diyuk Wiliyam ya mutu, Roja na Biyu ya haɗe gadon reshen hagu da nasa, aka naɗa shi sarki a Palermo ranar Kirsimeti ta 1130.

A ƙarƙashinsa suna uku sun ishe ka. Roja, diyuk na Apuliya, ya riga uban mutuwa a 1148, ya bar Tankared na Lecce wanda ba ta hanyar aure aka haife shi ba, don haka ka ja masa layi mai ɗigo-ɗigo. Sarki Wiliyam na Ɗaya ya yi mulki daga 1154 zuwa 1166, ɗansa Wiliyam na Biyu ya ci gaba har 1189, shi ma bai bar magaji ba. Ta uku Constance, wadda aka haifa a 1154 bayan uban ya riga ya mutu. Gwaggon Wiliyam na Biyu ce, amma ya girme ta, Tankared na Lecce ma ɗan wanta ne kuma ya ba ta shekaru masu yawa. Manyan ƙasa suka naɗa Tankared, ya mutu a 1194, sai mijin Constance, Henry na Shida na Jamus, ya zo da runduna ya tuɓe ƙaramin ɗan Tankared, Wiliyam na Uku. A ranar 26 ga Disamba na shekarar, tana da shekara arba'in, Constance ta haifi Frederick na Biyu. Shi kuma a gidan ubansa, Hohenstaufen, ake lissafa shi, don haka ka sauya launin biro.

TAMBAYA: Daga Dawakin Tofa nake. Shin 'yan gidan nan dangin Wiliyam ne wanda ya ci Ingila a 1066?

AMSA: Ƙasarsu ɗaya, gidansu daban. Shi daga tsatson Rollo ya fito, gidan masu mulkin Nomandi tun 911, Tankared na Hauteville kuwa mabiyinsu ne. Akwai rubuce-rubucen baya da suka maida matan Tankared 'ya'yan gidan diyuk, amma Malaterra bai faɗi haka ba, alhali Roja na Ɗaya yake rubuta wa, kuma da akwai wannan alfahari da ba zai bar shi ba. Abin da ya tabbata surukuta ce: matar Roja ta farko, Judith ta Évreux, jinin gidan diyuk ce, sannan a 1177 Wiliyam na Biyu ya auri Joan, 'yar Sarki Henry na Biyu na Ingila.

TAMBAYA: Wani malami a wajenmu, Birnin Kudu, ya ce Sarki Roja na Biyu ya musulunta a ɓoye. Gaskiya ne?

AMSA: Maganar tsohuwa ce, amma babu hujja a kanta, kuma a ganinmu kada a koya wa yara ita. Abin da ya jawo ta a fili yake. Fadarsa tana da diwani mai aiki da Larabci, kuɗinsa na zinariya suna ɗauke da laƙabinsa al-Mu'utazz billah, alkyabbarsa da ke ajiye a Vienna an yi mata rubutun Larabci a baki da shekarar Hijira 528. A fadarsa ne al-Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154, wanda ya ambaci Gana da Kanem. Amma shi ɗin ne ya gina babban cocin Cefalù, shi ne kuma jiragensa suka kama Tarabulus ta Libiya a 1146 da Mahdiyya ta Tunisiya a 1148, kafin Muwahhidun, daular Musulmi ta Maroko, su ƙwace Mahdiyya a 1160. Jikansa Frederick na Biyu kuma shi ne ya kwashe Musulmin da suka rage a tsibirin, tun daga shekarun 1220, ya kai su garin Lucera a Apuliya.