Shin ƙaramar na'ura za ta iya gano gubar dalma da zaiba a ruwan rijiya?

Tambaya: Ni ɗan kwamitin kula da foraj ne a wani ƙauye da ke kusa da Ɗan Issa, kuma tun da aka fara haƙar zinariya a yankinmu hankalina bai kwanta da ruwan da muke sha ba. Na sayi wani abin awo mai kamar alƙalami a babbar kasuwar Maradi, wanda ake tsomawa a ruwa ya nuna lamba, sannan ɗana da ke jami'a ya ce akwai na'urorin da ake shafa wa folima, wani abu dangin roba, masu gano gubar ƙarfe nan take. Shin abu ɗaya ne, kuma za a iya dogara da su?

Amsa: Malam, ba abu ɗaya ba ne. Alƙalamin da ka saya yana auna yadda ruwa ke barin lantarki ya ratsa shi ne kawai, daga nan ya ƙiyasta jimillar gishirin da ya narke a ciki, ba tare da ya bambanta kanwa da dalma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a maikirogiram 10 cikin kowace lita, ta kadmiyom (wani ƙarfe mai guba) 3, ta zaiba kuwa 6. Maikirogiram 10 a lita daidai yake da nauyin ƙwayar sukari biyu, wato giram 10, a cikin tano dubu biyar masu cin lita 200 kowanne. Ko da dalmar rijiyarku ta ninka wannan iyaka sau goma, da ƙyar lambar alƙalamin za ta motsa, ruwan kuma zai kasance garau, ba wari ba ɗanɗano.

Na'urar da ɗanka yake nufi tana da elektirod uku, wato 'yan layukan da lantarki ke bi ya shiga ruwa, waɗanda a yau akan buga su a kan ɗan fallen roba da bai wuce tsawon yatsa ba, a haɗa shi da wani ƙaramin akwati da ke sarrafa ƙarfin lantarki. Dalmar da ta narke a ruwa tana ɗauke da cajin lantarki, saboda haka idan aka ba ɗaya daga cikin elektirod ɗin, wato mai aikin, kishiyar wannan caji na minti biyu zuwa biyar ana motsa ruwan, sai ta taru ta manne a fuskarsa, kamar yadda maƙeri ke yi wa zobe ruwan zinariya. Daga nan sai a riƙa ɗaga ƙarfin lantarkin sannu a hankali, kowane ƙarfe kuma ya saki jiki ya koma ruwa a nasa matakin: kadmiyom wajen -0.8 na bolt, dalma wajen -0.5, tagulla kusa da sifiri. A duk lokacin da wani ya saku, wutar da ke gudana takan yi tsalle ta zana tsini a allo. Wurin da tsinin ya fito shi ke faɗin sunan ƙarfen, tsawonsa kuma shi ke faɗin yawansa. Tushen wannan ilimi ya koma ga masanin kimiyya Jaroslav Heyrovsky, wanda ya ƙirƙiro hanyar awonsa a 1922 ya kuma sami kyautar Nobel a 1959, kuma da wannan dabara ce na'urar LeadCare ta auna jinin yara a Zamfara a 2010, inda dalmar jinin da yawa daga cikinsu ta zarce maikirogiram 65 a desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita), iyakar abin da na'urar ke iya nunawa.

Ina amfanin folima a nan? A da, da ɗigon zaiba ake yin elektirod ɗin, wato ana neman guba da wata gubar. Folima dangin roba ce, doguwar sarƙa ta ƙananan ƙwayoyi masu maimaita juna, kuma a 1977 aka gano cewa wasu daga cikinsu suna ɗaukar lantarki, binciken da ya kai Heeger da MacDiarmid da Shirakawa ga kyautar Nobel a 2000. Irin su foliyanilin da folifirol, idan aka shimfiɗa su siriri a kan elektirod, suna faɗaɗa fuskarsa, sannan sinadarin naitirojin da ke jikinsu yana riƙe ƙarfen kamar ƙugiya, don haka ɗan kaɗan ma ya isa a gani. Wata folimar kuwa, mai suna Nafion, aikin rariya take yi, tana barin ƙarfe ya wuce tana tare dattin ganye da na sabulu da kan toshe fuskar elektirod. Wadda ta fi burge ni ita ce folimar da ake haɗawa alhali dalma na cikinta, sannan a wanke dalmar da asid, a bar gurabe daidai girmanta, kamar a danna ƙwallon dabino a ɗanyen yumɓu a cire. Irin wannan gurbi ya fi karɓar dalma a kan sauran ƙarafa.

Sai dai yawancin sakamakon da ake yabo an same shi ne a ɗakin gwaji da tsaftataccen ruwa, ruwan rijiyar gulbi kuwa yana tafe da laka da ruɓaɓɓen ganye da tagulla, wadda takan danne tsinin wasu ƙarafan. Dole a daidaita tsamin ruwan kafin awo, galibi wajen 4.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, a kuma ɗiga sanannen adadin dalma a sake aunawa domin a tabbatar na'urar tana gani. Dalmar da ta manne a jikin laka ba ta bayyana sai an narkar da ita da asid, zafin watan Afrilu kuma yana saurin tsofar da fallen idan an bar shi a aljihu ko a akwatin babur. Saboda haka na fi amincewa da na'urar idan ta ce akwai guba fiye da idan ta ce babu, musamman a hannun wanda bai sami horo ba. Kada kuma a manta cewa ba ta neman abin da ba a tsara ta dominsa ba: abin da ya lanƙwasa ƙasusuwan yaran garin Tibiri fuloraid ne, wani sinadari da ba ƙarfe ba, wanda awonsa daban yake.

Shawarata ita ce kwamitinku ya je ma'aikatar ruwa ta jiha a Maradi, ya nemi a ɗebi ruwan a kwalbar da su za su bayar, sau ɗaya da rani, sau ɗaya bayan ruwan farko na damina, a aika babban ɗakin gwaji irin LANSPEX da ke Yamai. Ku ambaci dalma da zaiba da arsenik da sunansu, domin awon yau da kullum ba lallai ne ya haɗa da su ba. Kafin sakamako ya fito, a hana wanke ƙasar zinariya kusa da foraj, a kuma hana daka dutsenta a cikin gida, tun da ƙurar daka ce ta fi kashe yara a ƙauyukan Bagega da Dareta na jihar Zamfara. Tafasa ruwa ba ya fitar da dalma, yana ma ƙara mata kauri gwargwadon ruwan da ya ƙone.