Amsa ga 'yar uwar da hannun ɗanta ya kumbura a ɗakin kulawa ta musamman

Wayyo 'yar uwa, Allah ya ba yaronki lafiya. Kin ce wurin da aka sa masa kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa da magani, ya kumbura, kina tsoron magana kada ma'aikatan su ji haushinki. Don Allah ajiye wayar nan ki je ki faɗa yanzu. Galibi ruwan ne ya bar jijiya yana taruwa a ƙarƙashin fata, kuma in akwai sinadarin fotashiyam ko kalsiyam a ciki yana iya cinye naman wurin.

Abin da ya sami 'yata ke nan. Cikin dare na ga bayan hannunta ya yi suntum, ya yi sanyi, filasta ta nutse cikin fata. Na je wurin nas ɗin, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Mama, je ki zauna, mun san aikinmu." Yarinya da bututu a baki, ba halin kuka, sai hawaye ta gefen ido. Na koma, ta ce in na sake damunta za ta sa a fitar da ni. Sai da wata ta karɓi aiki da safe, tana gani ta tsayar da ruwan. Tabon yana nan har yau. Wallahi duk sanda na tuna muryar matar nan sai zuciyata ta tafasa. Na san aiki ya yi musu yawa, amma duba hannu minti nawa ne?

In wadda ke kusa ta share ki, nemi shugabarsu ko likitan da ke bakin aiki. Ki haddace nauyin yaron, domin da kilo ake lissafa maganin yara, ɗigo ɗaya ya goce a rubutun lamba sai maganin ya zama ninki 10. Duk allurar da aka kawo, tambayi sunanta cikin ladabi, ki rubuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan majinyaci 1 cikin 10 yana cutuwa a wurin jinya, kuma fiye da rabi abin da za a iya kaucewa ne.

Ki riƙa duba ƙeyarsa da gefen hancinsa inda robar oksijin ke dannawa, nan gyambo ke farawa. Lokacin da suke miƙa wa juna aiki ki kasance a kusa. Ke ma ki wanke hannu kafin ki taɓa shi, kuma ki sami mai karɓarki ki ɗan runtsa, ni har jiri na riƙa gani.

Fatar wurin ta canja launi ko ta yi bororo? In kin dawo ki sanar da mu.