Tambayoyinku: Kyandir ɗin kakin waken soya da ya ƙi bada ƙamshi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa kyandir da kakin waken soya a gida. In na buɗe murfin kwalbar, ƙamshi kamar me, amma da na kunna sai a ji shiru a ɗakin. Na ninka turaren, sai ga mai yana tsattsafowa a sama. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ninka man ƙamshin da kika yi shi ya jawo tsattsafowar, kuma ba zai ƙara ƙamshi ba. Kakin soya yana da iyakar man da yake iya riƙewa, galibi kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Abin da ya haura haka fitowa yake yi kamar zufa, ya toshe lagwani, wani lokacin ma ya kama da wuta a saman kyandir ɗin. Ki fara da kashi 8, wato giram 40 na man ƙamshi a giram 500 na kaki. A sikeli za ki auna, ban da cokali, domin mayukan ƙamshi ba nauyinsu ɗaya ba.

Ki duba man kansa. Wanda aka sarrafa musamman don kyandir ake so. Turaren fesawa yana ɗauke da sinadarin alkohol mai saurin kama wuta, kuma ba ya gauraya da kaki. Man da ake tatsowa daga tsirrai, musamman dangin lemo, yana da daɗi a hanci amma rauni gare shi idan ya ji zafi.

Sai batun zafi, inda da yawa ke yin kuskure. Ki zuba kakin a jug na ƙarfe, ki tsoma jug ɗin a tukunya mai ruwa a kan wuta, kada ki ɗora kaki kai tsaye. Kakin zai narke tun wajen digiri 50 a ma'aunin Salsiyas, amma kada ki tsaya nan. Ki bari ma'aunin zafi ya kai digiri 85, ki sauke, ki zuba man, ki juya a hankali na minti 2 cur. In aka zuba mai a kakin da bai yi zafi sosai ba, ba ya shiga jikinsa, sai ya kwanta a gindin kwalba. Wasu na tsoron zafi zai kori ƙamshin. A 'yan mintocin nan abin da ke tashi bai taka kara ya karya ba. Barin kakin a kan wuta bayan an zuba mai shi ke yin ɓarna. Idan ya huce zuwa digiri 57 ko 60 sai ki juye a kwalba.

Daga nan haƙuri. Kakin soya yana daskarewa a ido cikin 'yan awanni, amma cikinsa yana ci gaba da ƙanƙamewa na kwanaki. Ki rufe murfin ki ajiye mako 2 kafin ki yanke hukunci. Wanda aka kunna washegari kusan kullum ƙamshinsa a raunane yake. In kin zo gwaji, ki kunna a ɗaki madaidaici, ki fita na minti 10 sannan ki dawo, don hancin da ya wuni cikin turare ya daina jin sa. In duk wannan bai yi ba, lagwani ne, ki karanta amsar da ke biye.

Tambaya: Nawa kuma rami yake yi a tsakiya, kakin gefe ya tsaya ƙyam. Da na sauya lagwani mai kauri sai kwalbar ta yi baƙi. Wanne ne daidai?

Amsa: Malam, na farko ya yi ƙanƙanta, na biyu ya yi girma. Ƙamshin kyandir daga narkakken kakin da ke kewaye da wuta yake tashi, ba daga harshen wutar ba. Ƙaramin lagwani ba ya narkar da fili mai faɗi, shi ya sa ake samun rami da ƙarancin ƙamshi. Babba kuma yana jan narkakken kaki fiye da yadda wutar za ta iya ci, sai hayaƙi da kunkunniya, kan lagwanin ya yi tuntu baƙi, kwalbar ta yi zafin da zai iya fasa ta.

Masu sayar da lagwani suna da jadawali bisa faɗin kwalba, ga nau'o'in lagwani irin su CD da ECO da ake yawan amfani da su a kakin soya. Jadawalin mafari ne kawai, don kowane man ƙamshi yana sauya yadda kaki ke ci. Ka zuba kwalabe 3 iri ɗaya: ɗaya da lambar girman lagwanin da jadawali ya bayar, ɗaya da ta ƙasa, ɗaya da ta sama. Ka datse lagwanin ya rage milimita 6, ka kunna. Ƙiyasin da ake bi shi ne awa 1 ga kowane santimita 2.5 na faɗin kwalba. A wannan lokacin narkakken kakin ya kusa taɓa gefe, zurfinsa kada ya wuce santimita 1. Ɗan kakin da ya maƙale a gefe a kunnawar farko ba laifi ba ne, zai narke idan wuta ta yi ƙasa, inda zafi ya fi taruwa. Saboda haka ka gwada har ƙarshe, kada kowace kunnawa ta wuce awa 4. Kwalbar da faɗinta ya kai santimita 10 lagwani 2 ya fi dacewa da ita.

Tambaya: Saman nawa yana yin fari-fari da kaushi, har da ɗan rami kusa da lagwani. Ya lalace ne?

Amsa: Bai lalace ba, 'yar'uwa. Farin nan halin kakin soya ne yayin daskarewa, ba ya taɓa ƙamshi, sai dai ya fi fitowa a kyandir mai launi. Saurin hucewa ke ƙara shi. Ki ɗan ɗumama kwalaben kafin ki zuba, ki jera su da tazara nesa da fanka da taga. Ramin kuwa iska ce da ta maƙale: ki huda wurin da tsinke, ki narkar da saman da na'urar hura iska mai zafi, ko ki ƙara ɗan kaki a kai.

Tambaya: Yaya zan san yawan kakin da kwalba za ta ci?

Amsa: Cika ta da ruwa zuwa inda kake son kakin ya tsaya, ka auna nauyin ruwan, ka ninka da 0.86. Ruwa giram 250 zai ba ka giram 215, kaki da mai a haɗe: kusan giram 199 na kaki da giram 16 na mai. Ka tabbata kwalbar ta bushe ƙarau kafin ka zuba, don ɗigon ruwa a cikin kaki yana sa wuta tartsatsi.