KU TAMBAYI KAWU: Yayana ya sayi tsohuwar kafireta da kuɗin sababbi huɗu

Tambaya: Salamu alaikum Kawu, ya aiki ya iyali. Dan Allah a warware mini wannan don abin ya tsaya mini a rai. Yayana yana Amurka yana tuƙin tirela, bara ya sayi wata tsohuwar Ford Mustang ta 1968 wai zai gyara, jiya ya turo mana hoton wata kafireta duk ta dafe ta yi baƙi ya ce kuɗin da ya ba da sun isa sayen sababbi huɗu a kwali, kuma har murna yake. Ni na ce damfararsa aka yi shi ya ce ban san mota ba. Sannan ga Peugeot 504 ta marigayi Baba nan a ƙofar gida shekara tara ba a tayar ba, bakanike ya ce a cire injin a sa wani a sayar wa 'yan gwangwan tsohon. Mi za mu yi? Daga ɗanka a Jega.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan Baba. Kafin ka yanke wa yayanka hukunci ka ce ya juya kafiretar ya ɗauko maka hoton ɗan ƙarfen lamba da ke maƙale a jikinta, don nan kuɗin suke.

Irin motocin nan Amurkawa na kiransu masu ƙwanji, ƙaton inji mai silinda takwas a cikin bodi madaidaici, su Pontiac GTO da ta fito 1964, Dodge Charger, Chevrolet Camaro, ita ma Mustang 1964 ta fito duk da masu tsattsauran ra'ayi na cewa ajinta daban ne, wannan gardamarsu ce. Zamaninsu bai daɗe ba, tsadar inshora da dokar hayaƙi da matsalar mai ta 1973 suka taru suka karya shi. To wanda zai sayi irin motar nan yau ba don zuwa kasuwa zai saya ba, abin da yake biya shi ne shaidar cewa injin nan da giyabos ɗin nan su ne aka haifi motar da su a masana'anta. Kamar fili ne, kowa na ganin ƙasar amma mai takarda shi ke yanka farashi. A Janairun 2020 an yi gwanjon Mustang ta 1968 wadda Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, da tsatsarta da fentinta da ya koɗe, aka saye ta dala miliyan 3.74, da mai ita ya kai ta wajen fanel bita an gyare ta tas da ya yi wa kansa asara.

Lambar Ford ba wuya gare ta ba. In ka ga C8Z a farko, C na nufin shekarun 1960, 8 ita ce 1968, Z kuma Mustang. Amma kar ka ga babu Z ka ce jabu ne, kayan inji da yawa Mustang na tarayya da sauran motocin Ford, kuma abin da aka zana a 1965 ana iya ci gaba da sa shi har 1968. Abin da ya fi kama ɓarawo shi ne ranar da aka zuba ƙarfen, tana nan a jikin inji, misali 8B12 wato 12 ga Fabrairu 1968. Dole ranar ta riga ranar da aka harhaɗa motar da 'yan kwanaki ko makonni, in inji ya zo bayan mota to ɗa ya girmi ubansa ke nan. Kuma ana maguɗi fa, a goge lamba da giranda a buga wata, sai ka ga wurin ya yi sumul fiye da gefensa ko lambobin sun yi kyau da yawa. Ni duk lambar da ta yi tsaf kamar an rubuta da rula tsoronta nake ji. Yayanka ya kuma nemi takardar da ake kira Marti Report, tana fito da bayanin Ford tun daga na 1967, irin inji da launi da ranar da aka haɗa ta.

Saboda haka in lambar kafiretar ta dace da motarsa ba a cuce shi ba, in ba ta dace ba ya sayi tsohon ƙarfe da tsada, ka ci gardama.

Su kuma kayan gyara na kwafi, ba zaginsu nake ba. Akwai masu kyau har da waɗanda Ford ta ba lasisi, yau a Amurka kana iya sayen bodin Mustang sabo dal gaba ɗaya daga kamfanin Dynacorn. Matsalar ita ce na arha, ƙarfen ya fi siriri, ka zo ɗaura ƙofa ramin noti ya kauce kaɗan, mai walda ya wuni yana lanƙwasawa yana tsaki, kuɗin da ka rage wajen saye ka biya su a aiki. Amma birki da tiyo da taya da wayar wuta da duk wani abu na roba, wallahi ko da a kwalinsa na asali aka samo shi bai taɓa hawa mota ba kar a sa, robar da ta shekara hamsin ta mutu ko ba a taɓa ta ba.

Mu dawo Jega. Ba zan yaudare ka ba, 504 ɗin Baba ba za ta yi kuɗin Mustang ba, PAN ta Kaduna ta fara harhaɗa Peugeot tun 1975 kuma ta zuba 504 ba adadi a ƙasar nan. Sai dai kullum raguwa suke, masu injinsu na asali kuwa sun fi raguwa. Kafin a cire komai a kwance fulogi a zuba ɗan baƙin mai a kowace silinda a bar shi kwana biyu uku, a sa sifana a gwada juya injin da hannu, sau da yawa zama ne kawai ya kama shi. In ya ƙi kuma kuna son motar ta yi aiki, a sa wani, amma tsohon a toshe kafofinsa da tsumma a ɗora kan katako a cikin ɗaki inda ruwa ba ya taɓawa. Ni na yi wannan wautar, na sayar da injin wata Peugeot 404 a kilo, kuɗin ko buhun shinkafa ba su saya ba, bayan shekaru wani ya zo takanas neman motar yana ɗaga bonet ya ga baƙon inji ya mayar ya rufe ya yi mini sallama. Kuma ka tambayi bakaniken naku wane ɗan gwangwan ne zai saya, ka kalli fuskarsa lokacin da yake ba ka amsa.

Tambaya: Kawu wai kayan Beljiyam su ne orijina? Daga wata 'yarka a Gusau.

Amsa: 'Yata, Beljiyam na nufin an ciro shi daga wata mota da ta yi aiki a waje, yawanci na kamfani ne amma ba kullum ba, don can ma suna sa kwafi in abu ya lalace, kuma nan ma akwai masu shafa wa sabon na China baƙin mai da ƙasa ya zama Beljiyam. Ki sa a tafi da tsohon naki kasuwa a jera su biyu, a duba lamba a ɗaga a ji nauyi, kuma a yi magana da mai shago kan maidowa kafin kuɗi su bar hannu.