Na kai shekara 61, amma ƙuruciyata ta hana ni barci

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 61, na yi ritaya daga koyarwa, ina zaune a Zariya. Ina ɗan shekara bakwai mahaifina ya saki mahaifiyata, na taso a hannun matan uba biyu da ba sa ga-maciji da juna. Baba mai zafin hannu ne, da an ji gyaran muryarsa a zaure kowa zai sha jinin jikinsa. Ya daɗe da rasuwa. A da ban cika tunawa ba, amma tun da jikana ya shiga shekara bakwai abin ke dawo mini, har barci ke gagarata. 'Yan'uwana sun ce in bar tone-tone, mamaci addu'a yake so. Rashin tawakkali ne ko ciwo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Abin da ka bayyana ba rashin tawakkali ba ne, kuma lokacin da ya zo ba abin mamaki ba ne. Shekara da shekaru aji da cefane da kuɗin makaranta sun cika maka rana, ba ka da sararin waiwaye. Yanzu sarari ya samu, ga kuma yaro a gabanka mai shekarun da aka raba ka da uwarka. Kana ganin ƙanƙantar hannunsa, kana ganin yadda yake neman cinyar uwarsa in ya faɗi, sai yanzu ka gane girman abin da aka ɗora wa mai irin wannan shekarun. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Robert Butler, ya yi rubutu tun 1963 cewa bitar rayuwa a lokacin manyanta ɗabi'a ce ta kowa, ba alamar ruɗewa ba.

Jiki ma yana riƙe abin. Tsakanin 1995 da 1997, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) da wata cibiyar kiwon lafiya mai suna Kaiser Permanente sun tambayi manya fiye da 17,000 game da ƙuruciyarsu: duka, zagi, rabuwar iyaye, ganin ana dukan uwa. Kusan biyu cikin uku sun fuskanci aƙalla ɗaya, kuma gwargwadon yawan abin da mutum ya gani, gwargwadon ƙaruwar haɗarin ciwon damuwa da ciwon zuciya. Yaron da ya taso yana kasa kunne ga takun mahaifinsa ya koya wa jikinsa zaman ɗar-ɗar, kuma ritaya ba ta goge wannan karatun.

Maganar 'yan'uwanka kuwa, kada ka ɗauke ta a matsayin ƙaryatawa. Gida ɗaya kuka kwana, amma ɗan mowa da ɗan bora ba ƙuruciya ɗaya suka yi ba, balle wanda uwarsa ba ta gidan gaba ɗaya. Wanda ranar girkin uwarsa ake ɓoye masa tsoka a ƙasan tuwo zai tuna tsakar gidan da daɗi, kuma gaskiyarsa ya faɗa. Kai da kake jiran ƙanzo ma gaskiyarka ka faɗa. Shi ya sa ba na ba da shawarar a tara dangi a ce yau sai an amayar da komai. Sau da yawa tsohon 'yan ubanci kawai ake tayarwa. Ba ka buƙatar su sa hannu kafin abin da ya same ka ya zama gaskiya.

Haka nan yi wa Baba addu'a da faɗin cewa ya cutar da kai ba sa karo da juna. Za ka iya yi masa sadaka da safe, da yamma ka gaya wa wanda ka yarda da shi cewa dorinar nan zalunci ce. A ganina yafiyar da aka yi bayan an kira laifi da sunansa ta fi ƙarko a kan wadda aka tilasta da "haƙuri dai".

Ga tambayar da nake so ka zauna da ita: wa ya tsaya maka? Wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Emmy Werner, ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii har suka girma. Cikin waɗanda suka taso a gidajen rikici da talauci, kusan ɗaya cikin uku sun zama nagartattun manya, kuma abin da ya yawaita a cikinsu shi ne samun babba ko da ɗaya da ya riƙe su da ƙauna. Yaron da ya zama malamin makaranta da wuya a ce bai samu irin wannan ba, ko gwaggo, ko kaka, ko malamin allo. Ka samu littafi ka rubuta duka biyun, dukan da kuma wanda ya share maka hawaye. Da rana za ka yi, ba a kan gado ba. In mahaifiyarka tana raye, ko wata 'yar'uwarta, ka je ka ji labarin daga bakinsu, domin ɗan shekara bakwai rabin zance aka ba shi.

Idan rashin barcin ya wuce mako biyu, ko abinci ya fita ranka, ko ka fara jin gara mutuwa, kada ka jira. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Kada ka sayi ƙwayar barci irin su diazepam a kemis da kanka: yana kama jiki, kuma yana jawo wa masu shekaru jiri da faɗuwa.