Tambaya da Amsa: Maigida Yace Shi Zai Tuƙa Mu a Kogi, In Yarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. Maigidana ne ya ƙwallafa rai sai munyi tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa cikin kogi in ya samu hutu, ni kuma ko iyo ban iya ba, ga shi ko a mota nayi doguwar tafiya sai jiri da amai, toh abinda ya ƙara ɗaga min hankali wai ba jirgin da ke ɗaukar fasinja zamu shiga ba, haya zai ɗauko shi da kansa zai tuƙa, wai ba'a neman lasisi. Mutumin da ko filafilin kwale-kwale bai taɓa riƙewa ba! Da gaske akwai haka ko dai a waya ya gani kawai? Kuma da yaranmu biyu ƙanana za'a je.
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Bari in fara da mai sauƙin, wato jiri da amai. Abinda ke hautsina cikin mutum a teku igiyar ruwa ce mai ɗaga jirgi ta sauke, kogi kuwa galibi a shimfiɗe yake, jirgin tafiya yake sumul har sai kin kalli bishiyoyin gaɓa kafin ki tabbatar ana motsi. Da wuya ki sha wahala, inma kinji alama ki fito waje ki sha iska ki zuba ido can nesa, ki ajiye wayar nan.

Maganar lasisi kuma maigida baiyi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya baki. A Faransa da Ingila ana bada hayar jirgi mai ɗakin kwana da kicin ga wanda bai taɓa tuƙi ba, masu jirgin su nuna maka yadda ake sarrafa shi ranar da ka ɗauka shikenan ka kama hanya. Amma ki duba irin ruwan da ake yarda ayi hakan, yawanci hanyoyin ruwa ne da aka haƙa da hannu ko kogin da aka daddatse har ya ladabtu. Misali Canal du Midi a kudancin Faransa, wanda aka buɗe tun 1681, tsawonsa kilomita 240, doka ta hana wuce kilomita 8 a awa. A na Ingila mil 4 ne a awa, kusan saurin mai tafiya da ƙafa in ya ɗaga ƙafa. Manyan kogunan Turai irin su Rayin da Danub inda jiragen dakon kaya masu tsawon mita 100 da ɗoriya ke zirga-zirga dare da rana, wannan ba wurin ɗan koyo bane sam.

Kuma ki faɗa masa iya tuƙin mota ba zai cece shi ba, wani lokacin ma shi ke ruɗa mutum. Jirgi bashi da birki, in kana son tsayawa sai dai ka sa injin ya ja baya kuma ba nan take zai tsaya ba, sai ya gama sulalewarsa. Juyawa ma daga baya yake yi, kana karkata kai dama gindin ya kaɗa hagu, shi yasa sabon shiga ke yawan gogar bango da jiragen mutane. Ga iska na tura ka gefe, ga ruwa na ja, in kuna gangarawa tare da ruwa to ruwan ne ke da iko ba ku ba, shi yasa masu sana'ar in zasu tsaya a gaɓa suke juyo da kan jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa. A inda kogi ya lanƙwasa kuma zurfi na ta waje, ta ciki yashi ne ke taruwa, mai son yanke hanya nan yake kafewa.

Sai abinda nake ganin shi zai fi shafarki, domin in shi yana riƙe da sitiyari to ke ce mai igiya, kinga hutun ya zama aiki kenan. Inda ruwan gaba ya fi na baya tudu ana gina wani ɗaki mai ƙofa biyu a tsakiyar hanya, jirgi ya shiga a rufe, a sako ruwa ya ɗaga shi sama ko a zuƙe ya sauka, sannan a buɗe ɗaya ƙofar ya wuce, kamar dai hawa matakala. Kogin Tems na Ingila kaɗai yana da irinsu 45. Wasu da ma'aikaci, wasu kuwa da hannunku zaku murɗa ku tura ƙofa. Anan ake yawan samun matsala, in ruwa na sauka ka ɗaure igiya tamau jirgin zai rataye ya karkace, dole riƙe ta ake ana saki a hankali, bangon kuma santsi gare shi. Toh ke da baki iya iyo ba, hannu ɗaya igiya ido ɗaya kan yara biyu, wa zai ji da wa? A kusa da irin wuraren nan kuma akan samu madatsa inda ruwa ke zubowa ƙasa, daga sama baka ganin komai sai ruwa lumui, amma ƙasanta ruwan juyawa yake yana riƙe duk abinda ya faɗa, ko gwanin iyo baya wasa da wurin.

Don haka ni in nice ke, tafiyar farko ba zan yarda da haya ba. Ku shiga jirgin da ke da matuƙinsa da ma'aikatansa. Wanda ya fi shahara shine na kogin Nilu a Masar tsakanin Luksor da Aswan, kwana 3 zuwa 4, ana tsayawa Edfu da Kom Ombo kallon gine-ginen Fir'aunoni, a Esna kuma jirgin zai bi ta wancan ɗakin ruwa da na faɗa, maigida ya tsaya a sama ya kalli yadda ƙwararru keyi. Daga Oktoba zuwa Afrilu ya fi daɗi saboda zafi. In Turai ne, Danub ya ratsa ƙasashe 10 da manyan birane huɗu, Biyana, Biratislaba, Budafes da Belgired. In ya dawo har yanzu ƙaiƙayin tuƙi bai sake shi ba, ya ɗauki hayar wuni ɗaya a ruwa mai kwanciya, da wani babba na uku da ya iya iyo.

Kada kuma girman jirgi yasa ki saki jiki. A watan Mayun 2019 a Budafes wani ƙaramin jirgin 'yan yawon buɗe ido ya haɗu da babba da daddare, ana ruwan sama kogin ya cika, cikin daƙiƙoƙi ya nutse, mutum 35 ke ciki 7 kacal suka tsira, yawancinsu 'yan Koriya ta Kudu. Kina shiga ki tambayi inda rigar kariya daga nutsewa take, ki gwada ta a jikinki, ki tabbatar akwai daidai yaran domin ta manya zamewa take daga jikin yaro ta kai. A ƙaramin jirgi kuwa ba'a ajiye take ba, a jiki take zama, ke da su. Kada a kunna janareta ko murhun gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙin da ke kisa bashi da wari. Kuma duk yadda ruwan ya baku sha'awa kar yara su shiga wanka, a yawancin kogunan Afirka akwai tsargiya, wasu ga dorina da kada.

Kafin ku biya kuɗi akwai tambaya ɗaya da mutane ke mantawa. Kogi yana ƙafewa yana cika. A 2018 da 2022 fari yasa ruwan Rayin ya ja baya sosai har jirage suka kasa wuce wasu wurare, masu yawon da suka biya kuɗin jirgi wasu a bas aka ƙarasa dasu, in kuma ya cika da yawa jirgin baya iya bi ta ƙarƙashin gada. Ku tambayi kamfanin, in haka ta faru me zasuyi, canjin jirgi ne ko bas ko mayar da kuɗi, kuma su baku amsar a rubuce.