Wane jak na jan maraƙi ya kamata in saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da karsana biyar Bunaji, an ɗura musu irin Friesian, duk suna da ciki, ta farko saura kamar wata biyu. Bara wata saniyata ta yi doguwar naƙuda cikin dare, muka ɗaura igiya mu shida muka ja, maraƙin ya fito a mace, uwar kuma ba ta ƙara tashi ba sai yankawa muka yi. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Na ga wani ƙarfe da Turawa ke jan maraƙi da shi, wai shi jak. Wanne ne ya fi ƙarfi in saya? Sannan wani mai kyamis ya ce in ajiye allurar naƙuda a gida. Daga wani mai kiwo, Giwa, Jihar Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar maka da alheri. Damuwarka tana kan hanya. Bunaji da aka bar wa bijimin Bunaji ba kasafai take wahalar haihuwa ba, domin ɗanta bai cika wuce kilo 20 zuwa 25 ba. Maraƙin Friesian zalla kuwa, wato manyan shanun madara na Turai, yana kai wa kilo 40, ruwa-biyu yana faɗawa tsakani, ga shi kuma cikin fari ne, ƙugu bai gama buɗewa ba.

Amma ka ce "wanne ya fi ƙarfi", kuma nan ne zan tsaya, don wannan tunanin ne yake kashe mana shanu. Ku shida kuka ja bara. Ƙarfi bai yi muku kaɗan ba, yawa ya yi. Ƙugun saniya zobe ne na ƙashi, ba ya miƙewa don an ja. Idan maraƙi ya fi ƙofar girma, ko ƙafa ɗaya ta lanƙwashe baya, ko kai ya juya gefe, duk abin da aka ƙara na ƙarfi a jikin uwa da ɗa yake sauka. Haƙarƙarin maraƙi ya karye, ko ƙafa, ko ƙashin baya. Ita kuma uwar, jijiyoyin da ke bi ta cikin ƙugu zuwa ƙafafun baya su matse tsakanin ƙashinta da ƙashin ɗanta, sai ka ga ta baje ƙafafu ta kasa tashi. Bisa abin da ka kwatanta, mai yiwuwa abin da ya sami taka ke nan. Jak na iya jan kusan kilo 400, wato ya ninka abin da ƙarti biyu za su ja da hannu. Ka ga ke nan da kana da shi a daren nan, da ɓarnar da mutum shida suka yi kai kaɗai za ka yi ta, cikin sauri kuma ba tare da ka ji a jikinka cewa abu ya cije ba.

Ni abin da ke ba ni takaici, kullum sai an gama ɓarna ake kiranmu. An ɗaura wa babur, an ɗaura wa a-kori-kura, wasu har shanun huɗa suke sawa su ja. Ka iso ka tarar da saniya kwance, farji ya yage ya kumbura, maraƙi ya maƙale a ƙugu harshe ya yi baƙi, ga igiyar leda ta nutse cikin fatar ƙafarsa. Sai mai saniya ya ce maka "Likita mun yi iya ƙoƙarinmu." Ƙoƙarin ne ya kashe ta. Ƙa'idar da muke bi tsohuwa ce: abin da mutum biyu suka kasa fitarwa da hannu, bayan an gyara kwanciya an zuba santsi, ba na ja ba ne, na fiɗa ne. Jak an yi shi ne don mutumin da yake shi kaɗai a gona ba mai taya shi, ya tsaya a madadin mutum na biyu, ya riƙe abin da saniya ta turo kada ya koma. Kai da kake da masu taya ka, ba shi ne farkon abin da kake buƙata ba.

Abin da za ka fara saya: igiyoyin karɓar haihuwa masu laushi guda biyu na ƙafa da ɗaya ta kai, ko sarƙar da aka yi don wannan aiki da mariƙinta biyu. Na fi son sarƙa don ana iya dafa ta, igiya kuwa tana riƙe datti. Sai safar hannu mai kaiwa kafaɗa, man santsi na likitan dabbobi da yawa, bokiti, maganin wanke hannu da tocila mai kyau. In man santsi ya ƙare, man gyaɗa mai tsafta ya fi garin sabulun wanki, wanda ke wanke santsin da Allah ya sa a wurin ya bar hanya a bushe. Safar hannu ba ƙawa ba ce. Bakkale, cutar nan mai sa shanu ɓari, na kama mutum ta ruwan haihuwa da mabiyiya, ya yi ta zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi ana ba shi maganin maleriya.

Ɗaurin kansa yana da hanya. Zarge ɗaya a saman gaɓar da ke bisa kofato, ka sake zagayawa ɗaya a ƙasanta, don nauyi ya rabu wuri biyu. Zarge ɗaya tak shi ke karya ƙafa. Kafin ka ja, sa hannu ka tabbata bakin mahaifa ya buɗe gaba ɗaya, ƙafafu biyu da kai na maraƙi ɗaya ne, don tagwaye na ruɗa mutum. Ka ja ƙafa ɗaya, sannan ɗayar, kafaɗu su shigo ɗaya bayan ɗaya. Tana yunƙuri ka ja, ta huta ka huta. Idan gaɓoɓin nan biyu suka fito waje da faɗin tafin hannu kuma kai na biye, zai wuce. Idan ta baya ya zo, kofato na kallon sama, sai gwiwoyin baya sun fito za ka ce zai wuce, daga nan kuma ba wasa, don cibiya na matsewa. Idan ka ga ƙafafun gaba sun gicciye, ko kai ya ƙi shigowa, ko an yi minti goma ana ja ba ci gaba, saki igiya ka kira likita.

To in garken ya ƙaru har ka ga lallai sai jak, ka nemi mai jan ƙafa ɗaya bayan ɗaya, mai maɓallin saki nan take, wanda ba ya tsatsa, sandarsa doguwa yadda ba za ta ƙare maraƙi yana rabi ba. Vink na ƙasar Holan da HK na Jamus sanannu ne. Ka duba maƙallin da ke zama a bayan saniya, don an ƙera su ne da faffaɗan bayan shanun Turai, a bayan Bunaji mai gangara yana iya zamewa. Kada ka fara amfani da shi sai likita ya nuna maka a kan saniya, musamman yadda ake sauke sandar ƙasa bayan kafaɗu sun fito, da yadda ake ɗan murɗa maraƙi kada ƙugunsa ya cije a na uwar.

Batun mai kyamis kuwa, ka bar masa allurarsa. Oxytocin ce, aikinta ta sa mahaifa ta matse da ƙarfi. Ba ta buɗe bakin mahaifa, ba ta gyara ƙafar da ta lanƙwashe, ba ta rage girman maraƙi. Ka yi wa saniyar da ɗanta ya gicciye, mahaifa ta ɗaure a kansa har hannun likita ba zai shiga ya gyara ba, ko ta fashe saniya ta mutu a gabanka. Mutumin da bai taɓa sa hannu cikin saniya ba yana zaune bayan kantar kyamis yana rubuta wa dabba magani, don ribar kwalba ɗaya. Mu ji tsoron Allah, dabba amana ce kuma za a tambaye mu. Wanda Hukumar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ba ta yi wa rajista ba, ba likita ba ne ko da duk gari na kiransa dakta.

Na san asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma sau da yawa a kulle yake da dare, da rana ma sai a ce ka sayo komai har zaren ɗinki. Don haka tun yanzu, ba ranar naƙuda ba, ka nemi likitan da zai iya fiɗa a gona ka karɓi lambarsa, ya zo ya duba karsanan nan. Kai kana kusa da Zariya, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, a Shika. Idan faya ta fashe aka yi awa ɗaya karsana na yunƙuri ba a ga ƙafa ba, ko ƙafa ta leƙo aka yi rabin awa ba ta ƙara gaba ba, wanke hannu ka duba, ka kira shi a lokacin. Zagaye na gaba kuma, kada a ɗura wa karsana irin babban bijimi a cikin fari. A ba ta Jersey, ƙaramin irin shanun Turai, ko Bunaji ɗan'uwanta, Friesian ya jira ciki na biyu.